Kunyar da Na Ji a Bakin Ruwa

Hadejia, ranar Lahadi.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya sa kin sauka a sa'a, ya haɗa ki da abokan zama nagari da malamai masu haƙuri. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma duk suna gaishe ki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan kina samunsa a waya. Ni waya ba ta yi mini. Da na ji muryarki sai in tsinci kaina ina tambayar ko kin ci abinci, mu yi sallama, abin da ke raina yana nan inda yake. Shi ya sa na nemi biro, na zauna da rubutuna na ɗan firamare, ki yi haƙuri da shi. Akwai abin da na ɓoye miki game da rasuwar kakarki Iya, mahaifiyar innarki, wadda kika ci sunanta. Kuma ina jin tsoron halin da ya ɗaure mini hannu a ranar yana jikinki. In kika gama karatun nan ba ki rabu da shi ba, takardar shaida kawai za ki kawo mana gida, wani kuma ya rasa ransa kina tsaye a kansa.

Bari in fara da laifina mafi kusa. Lokacin da aka ce kwaleji ta ɗauke ki karatun agajin gaggawa, ki zama cikin masu bin motar asibiti zuwa wurin hatsari ko gobara ko ambaliya, kin ga abin da na yi. Kwana goma ina murtuke fuska a gidan nan. Na ce gobe a majalisa za a ce 'yar Habu Mai Fito tana sa wando tana ɗaukar maza a kan titi. Innarki ce ta tsaya kai da fata, ita da ba ta saba yi mini musu ba. Da na gaji na yarda, na je majalisa na faɗa da bakina, ina jiran a yi mini ca. Malam Idi mai shayi ya ce, “To madalla, mu ma mun samu mai ɗaukarmu.” Shi ke nan, suka koma gardamar takin zamani. Na sha kunu kwana goma saboda mutanen da ko a jikinsu. Ki yafe mini wannan. Kuma ki sani, mutanen da ake tsoron bakinsu yawanci hankalinsu yana kan tukunyar gidansu.

Na biyu ya girme ki. Kin san kafin mu dawo Hadejia fito nake yi a mashigin ƙauyenmu ta wajen Auyo, sana'ar da na gada. Wata damina wasu ma'aikatan lafiya suka zo, suka tara mu masu jirage a gindin tsamiya. Sun kawo rigunan ruwa masu ruwan lemo, da wani mutum-mutumin roba, rabin mutum, ba ƙafafu. Wani saurayi a cikinsu ya durƙusa, ya ɗora hannu biyu a ƙirjin robar yana dannawa yana ƙirge, sannan ya sa bakinsa a bakinta ya hura. Ya ce haka ake yi wa wanda aka tsamo daga ruwa ba ya numfashi. Muka riƙa taɓa juna muna dariya. Ni da nake ji da kaina a lokacin na ce, “Malam, mu da aka yanke mana cibiya a bakin kogi za ka koya wa ruwa? Kai ka iya iyo ma kuwa?”

Bawan Allah ya ce bai iya ba. Wurin ya ɓarke da dariya, ni kuwa na ji kamar na ci gasar kokawa. Na karɓi rigata na tashi tun bai gama ba, wai fasinja suna jirana. Rigar nan matashi na mai da ita, ina zama a kanta a bayan jirgi har ta yage.

To Ummi, ke ma 'yar bakin ruwa ce, kin iya iyo tun kina shekara shida, kuma a ajinku za ki haɗu da 'yan birni da ko kududdufi ba su taɓa shiga ba. Kada wannan ya sa ki ɗaga kai. Mu mun iya fito da mutum daga ruwa, amma abin da za a yi masa bayan an fito da shi, iyakar saninmu a kife shi a matse masa ciki. Wancan saurayin da bai iya iyo ba shi ya san sauran. In an kawo muku robar ku gwada, ki durƙusa ki yi da gaske ko da ana dariya, ki maimaita har hannunki ya riƙe abin ba sai kin yi tunani ba. Kuma kada ki tashi daga darasi sai malami ya ce ya gama.

Yanzu ga ranar. Ranar kasuwar Auyo ce, damina ta yi nisa, ruwa ya shafe hanya, ba mai wucewa sai ta jirgi. Innarki tana da cikinki wata biyar. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini doka ɗaya: in an gama lodi ka sa hannu a gefen jirgi, tsakanin ruwa da bakin katako ya zama yatsa huɗu. In bai kai ba a rage kaya, ko na wane ne. Da hantsi na yi lodi, na auna, huɗu cif. Iya tana ciki da ƙwaryar daddawarta. Ita ba ta shiga jirgina, takan jira na abokin sana'ata Ɗanjuma saboda surukuta, amma ranar nasa yana kan tudu ana toshe shi. Ta zauna can tsakiya ta ja mayafi, na durƙusa na gaishe ta ina kallon ƙasa, ta amsa tana kallon wani wajen. Haka muke tun da na auri 'yarta. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba.

Ina shirin tura jirgi sai ga Alhaji Bukar, aminin mahaifina, da buhu uku na shinkafa shanshera, wadda ba a casa ba, a kan amalanke. Na ce, “Baba, jirgi ya cika. Bari in kai waɗannan in dawo.”

Ya ce, “Habu, ni da ubanka mun ɗora abin da ya fi wannan tun kana goye. Yau ni za ka bari a gaɓa, kasuwa ta tashi?”

Sai mutanen cikin jirgi suka sa baki. “Haba Habu, yi masa kara mana. Ubanka ne fa.”

Na yi masa kara. Da aka ɗora buhunan na sake sa hannu a ɓoye, yatsa biyu. Na sani, na ga abin da idona, na kama gora na tura.

Ki tsaya a nan ki ji ni. A aikinki za a yi dokoki irin na yatsa huɗu, wanda za a fara ɗauka, mutum nawa mota za ta ci, inda ba a shiga sai an kashe wuta. Wanda zai roƙe ki ki karya su ba baƙo ba ne, baƙo yana da sauƙin hanawa. Dattijo ne da ya san ubanki, ko hajiyar da ta yi miki goyo. Ki durƙusa masa in kina so, ki kira shi Baba, ki ba shi haƙuri sau goma, amma kada ki ɗora buhun. Da na bar Alhaji Bukar a gaɓa, iyaka ya yi fushi da ni mako guda.

Mun bi ta hanyar da aka sare a cikin kacalla, ciyawar nan da ta cinye mana rabin fadama. Daidai inda hanyar ta buɗe ta haɗu da kogi, ruwa ya bugi gefen jirgi, buhu ɗaya ya zame, wani ya miƙe tsaye don ya tare shi. Shi ke nan. Ruwa ya kwararo ta gefe, jirgi ya kife. Ba mu yi nisa da gaɓa ba, kuma masunta suna kusa, nan da nan aka yi ta jawo mutane. Alhaji Bukar kansa an same shi rungume da kacalla yana salati. Da aka duba, kowa ya fito ban da Iya.

Na koma na nutsa. A karo na uku na taɓa zanenta ya sarƙe a saiwar ciyawa. Na yage shi, na rungumo ta, na fito da ita. A cikin ruwa ban ji kunyar komai ba, ban ma tuna wace ce ba. Sai da na shimfiɗe ta a kan yashi na ɗago kai. Ɗankwali ya tafi, zane ya zame, ga furfurarta a waje, ni da ko goshinta ban taɓa ƙare wa kallo ba. Ummi, juya baya na yi. Na tuɓe rigata na jefa mata ta baya ba tare da na duba inda ta sauka ba, na shiga kiran a zo da mata.

Matan da ke jirgin suna kwance suna aman ruwa, ba mai iya tashi. Aka ruga cikin gari kiran wasu. Mu maza muka yi da'ira, kowa ya ba ta baya, ana ta salati. A nan saurayin nan na gindin tsamiya ya faɗo mini a rai, durƙushe, yana dannawa yana ƙirge. Ban ga ƙarshen darasin ba, amma na ga farkonsa, na san inda ake sa hannu. To amma in ɗora hannuna a ƙirjin surukata? In sa bakina a nata, a gaban mutanen gari? Ƙafata ta ƙi juyawa. Har na ji wani masunci a bayana yana cewa, “Kamar fa yatsanta ya motsa.” Na ji shi sarai. Na ce a raina matan sun kusa.

Da matan suka iso suka kife ta, suka matsa cikin, suka jijjiga ta. Can sai Dije, ƙanwar mahaifina, ta ja mayafi ta rufe mata fuska.

Wannan shi ne laifina na uku, abin da ban taɓa faɗa ba. Ke an gaya miki ruwa ya ci kakarki, mahaifinki ya nutsa sau uku ya ɗauko ta. Gaskiya ne, amma rabi. A wurin zaman makoki har yabona ake yi, ana cewa samun suruki irin Habu sai an tona. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka, ba mai wuce ranarsa. Sai dai Allah ya ba ni hannu biyu a wurin, ya nuna mini abin da ake yi da su, na naɗe su a ƙirji. Bayan shekaru na tambayi wani malami a kaikaice, kamar labarin wani nake ba shi. Ya ce ceton rai yana gaba da kunya, kuma addini bai hana namiji taɓa mace don ya cece ta ba in babu wata. Har ya ce, “Wane ne wannan marar dabara?” Na ce wani ne can wajen Kaugama.

Ban sake riƙe gora ba. Na sayar da jirgin, muka dawo Hadejia, na kama aiki a injin casar shinkafa. Da aka haife ki ni na roƙa a sa miki sunanta, nan ma aka yaba mini. Duk damina in ruwa ya taso aka fita gyaran jingar da ke tare wa gari ruwa, ni ne na farko wajen cika buhunan yashi, ni ne na ƙarshen tashi. Mutane suna cewa himma ce. Ni na san abin da nake binnewa a cikin buhunan nan, kuma bai binnu ba.

Shirun nan ma laifi ne, na huɗu ke nan in kina ƙirgawa. Na bar wa kaina abin shekara ashirin, ya mai da ni mai saurin fushi, ku kuka sha wahalarsa ba ku san dalili ba. Ke ma wata rana wani zai cika a hannunki. Wani ba laifinki, wani kuwa za ki san akwai abin da kika yi jinkirinsa. In an ce ki rubuta yadda aka yi, ki rubuta yadda aka yi ɗin, har da naki. Ki samu babba a wurin aiki ki gaya masa, ko ki kira innarki ki yi kukanki. Kada ki karɓi yabon da kika san ba naki ba ne, yana da nauyi fiye da zagi.

Za ki ce me ya sa sai yanzu. Saboda abin da na gani bara ne a gonar Kawunki Sale, ranar yankan shinkafa, da lauje ya sare shi a ƙwauri. Jini yana ta zuba, dattawa sun kewaye shi, wannan ya ce a sa toka, wancan ya tafi ɗebo baƙin mai daga injin ban ruwa. Ke kuma kin koyi ɗaurin ciwo a sakandare. Ina kallonki, kin cire ɗankwalinki na ciki mai tsabta kin ninke shi, kin san abin yi. Amma kika tsaya a bayan mutane da shi a hannu, kina jiran a ba ki hanya, don ba kya iya ratsa manya, ba kya iya kama ƙafar kawunki. Daga ƙarshe sai kika raɗa wa innarki a kunne, ita ta ture su ta jawo ki. Kowa ya ce Ummi akwai kunya, Ummi akwai tarbiyya. Ni kuwa na san tsayuwar nan. Irin tawa ce sak, har yadda kika sunkuyar da kai.

Ban ce ki zubar da kunya ba. Ni na koya miki ita, kuma ina alfahari da yadda kike gaida mutane. Ki bar ta a gida da wurin biki da gaban surukanki in Allah ya kawo su. Amma in kin sa rigar aiki aka kira ki kan mutum yana kwance, ba ki da kawu a wurin, ba ki da suruki, ba ki da malamin unguwa. Ki ɗaga murya. Ki nuna mutum da yatsa ki ce kai matsa, kai riƙe nan, ke kawo ruwa. In rawani ne ya tare miki hanya ki ce a cire. Gaisuwa da ban haƙuri suna nan suna jira, kya yi su bayan mutum ya yi numfashi. In an ce 'yar Habu ba ta da kunya, ki ce su zo su same ni, ina injin casa kullum.

Ga wata dabara kuma, wadda ta zo mini bayan shekara da shekaru, lokacin da ba ta da amfani a gare ni. Mutanenmu ba za su daina jin nauyin tsiraici ba, kuma suna da gaskiya. To ki riƙa tafiya da zane ɗaya ko biyu a jakarki. Masu tsayuwar kallo ki ba su aiki, su kama zanen su kewaye ku, su juya baya in suna so, ke kina ciki kina abin da ya kawo ki. A ranar nan maza nawa ne a gaɓa da manyan riguna. Da mutum huɗu sun ware nasu sun yi mana labule, wataƙila da na iya juyawa.

Na kai nan a rubutu jiya da la'asar, sai na ga bai dace ki san abin da innarki ba ta sani ba, alhali mahaifiyarta ce. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na zauna a kan turmi na karanta mata tun daga farko. Ba ta ɗago ba, hannunta bai bar faranti ba har na gama. Na ce, “Hauwa, kin ji abin da na yi. Ki yafe mini in za ki iya.”

Ta ce, “Malam, ai na sani. Dije ta gaya mini tun kafin sadakar uku. Har maganar yatsan Iya da ya motsa.”

Na ajiye takardar. Can na ce, “Shekara ashirin? Me ya hana ki yi mini magana?”

Ta ce, “Kunyarka na ji.”

Kaji suna ta tsattsagar tsakuwar da take zubarwa. Sannan ta ce ta daɗe da yafe mini, amma ta yi wa kanta alkawari, in Allah ya ba ta 'ya mai kai, sai ta koyi abin da aka kasa yi wa uwarta. Ta ce in rubuta miki haka, ga shi na rubuta.

Da na yi niyyar in ce ki tambayi malamanku ko Iya za ta tashi da na juya. Na fasa. Wannan kayana ne, ba zan ɗora miki ba, ni da Ubangijina ne. Abin da nake roƙo ya fi wannan sauƙi, ko da yake a wurinki na san zai yi wuya. In kin zo hutun farko, ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida ki koya mana, ni da innarki. Ki durƙusar da ni, ki kama hannuna ki ɗora inda ake ɗorawa. In na yi ba daidai ba ki daka mini tsawa, ki sa in sake. In kika iya yi wa ubanki haka, hankalina zai kwanta a kan sauran mutane.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki. Ya kare ki daga ruwa da wuta da ƙarfen mota, ya ba ki ƙarfin hannu da ƙarfin murya. Ya sa duk wanda aka kira ki kansa ya koma wa iyalinsa da ƙafarsa. Allah ya jiƙan Iya, ya haskaka kabarinta, ya sa ta yafe mini. Ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Habu Mai Fito.